Ba Za Mu Yanke wa Tsoho Layi Ba

Jama'ar Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, da ƴan uwa masu bin wannan shafi daga wurin ci-rani, Agadas ne, Aljeriya ne, Libiya ko Legas. Yau faɗa muka zo yi, kuma da ku za mu yi shi, don haka kowa ya gyara zama.

Waɗanda suka saurari shirinmu na kiran waya a makon jiya sun ji abin da ya faru. Wani dattijo ya kira daga wani ƙauye na arewacin Agiye. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyarmu, ya tambayi gajiya da iyali, ya gaida mai garinsu da limaminsu, sannan ya soma shiga zancen da muka aza, wato farashin hatsi da wake a wannan kaka. Bai kai tsakiyar maganarsa ba kiredi ya ƙare, layi ya tsinke. Kafin mu fito daga ɗakin shiri saƙonni sun cika waya. Wani ya rubuto: "Don Allah ku riƙa yanke tsofaffin nan, suna cinye mana lokaci." Wani ya ce a bar analfabet su yi gaisuwarsu a zaure, rediyo na masu ilimi ne. Sauran suka bi shi da hotunan dariya.

Za mu fara da kanmu kafin mu taɓa kowa. Lokacin da tsohon nan yake gaida liman, hannunmu yana bisa maɓallin yankewa. Kiredinsa ne kawai ya riga mu. Mun koma gida da wannan kunya, shi ya sa kuke ganin rubutun nan.

Kalmar analfabet ɗin nan mun san inda muka samo ta. A lakwal muka koye ta, a aji ɗaya da aka rataya mana sambol a wuya don mun yi kuskure mun ce wa abokinmu "ba ni bik" da Hausa. Mun fito da takarda, mun fito kuma da wani ciwo: duk wanda bai iya karanta Faransanci ba, a idonmu bai iya karatu ba. Mu da kanmu mun sha cika takardun furoje a ƙauyuka, mu isa layin da ake tambayar matakin ilimi, mu dubi tsoho da allo jingine bayansa da littattafai cikin gafaka, mu rubuta "babu".

To bari mu ba ku labarin wani analfabet da muka sani, kakanmu na wajen uba, Allah ya ƙara masa lafiya.

Kafin kiran asalatu ya tashi. Bayan salla yana da izu da yake karantawa, cikin Alƙur'ani bugun warash da ya fi mu shekaru. Yana da Ishiriniya, yana da Ahalari da Iziyya, gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutu da ya yi da hannunsa tun yana almajiri a Katsina. Yana da wani tsohon kaye, a ciki ya rubuta da ajami ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara, damin gero nawa aka ɗaure, wa ya ranci tiya nawa, wace rana aka haifi wane. Ranar haihuwarmu ta gaskiya a cikin kayen nan take. Wadda ke kan takardar lakwal ƙiyasi ce aka yi. Mu da muka yi lise, idan ya miƙo mana kayen sai mu juya shi sama, mu juya shi ƙasa, mu mayar masa. Ku ɗauko takardar naira 200, 500 ko 1000, irin wadda ke yawo a kasuwanninmu kullum. Akwai rubutun ajami a jikinta, Hausa ce tsantsa, ta faɗi adadin kuɗin. Ku zagaya fadarku da ita yau da dare ku ga mutum nawa za su karanta. Sannan ku kai wa tsohon gidanku.

Tun da mun taɓo naira, ga wani abu. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar zai sake fasalin waɗannan takardu uku. Mu mun gani a Facebook, mun wuce. Tsoho ya ji a rediyo da dare, da safe ya tara ƴaƴansa masu fatauci zuwa Jibiya da Katsina ya ce: "Duk mai naira a hannu shi maida ta hatsi ko akuya tun yanzu." Aka ce ai Baba an ba da lokaci. Ya ce shi ma an taɓa ba shi lokaci. Yana nufin Afrilun 1984, lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya ya canza launin kuɗi, aka ba mutane kwanaki ƙalilan su musanya, masu naira a wannan gefe na iyaka suka wayi gari da takardun banza cikin akwati. A shekarar nan damina ta ƙi, ga iyaka a rufe, yunwar da ta biyo baya har yau sunanta El Buhari a bakin mutanenmu. Abin da ya faru farkon 2023 kowa ya gani: tsohuwar naira ana gudunta, sabuwa babu, mutum na sayen kuɗi da kuɗi. Wanda ya ji maganar tsoho a gidanmu ya sha da sauƙi. Wanda bai ji ba, ba za mu tona shi a nan ba, yana karanta mu.

Wannan shi ne mutumin da ake cewa mu yanke wa layi don masu ilimi su samu fili.

Ku dubi yadda tsofaffinmu suke sauraren labarai, ku gwada da yadda muke yi. Tsoho ba ya yarda da tasha guda. Ya ji Yamai, ya ji Landan, ya ji Jamus, in ya samu ya ji Kaduna. In ka zo masa da labari da zafinsa sai ya ce: "Wa ya faɗa?" In ka ce a waya ka gani, ya ce: "To, bari mu ji na dare." Kalma biyar ɗin nan, bari mu ji na dare, sun fi duk wani horo da aka taɓa ba mu a otal kan tantance labari, da fardiyem ɗinsa da komai. Mu kuwa vokal ya faɗo gurup, muryar wani da ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba, yana rantsuwa yana cewa a tura wa kowa, kafin minti biyar mun watsa shi gurup goma. Mutanen Gidan Rumji da Madarumfa sun fi kowa sanin illar wannan. Yankin da ɓarayin daji suka hana barci, inda ƴan uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira tun 2019, vokal ɗaya na ƙarya ya isa ya tada ƙauye tsakar dare, mata da goyo cikin gonaki. Ku faɗa mana tsakani da Allah, tsoho nawa kuka taɓa kamawa yana ƙirƙirar irin wannan saƙo?

Kuma duniyar sauraren tasu sai ƙara ƙunci take. An dakatar da RFI a watan Agusta 2023. A Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, wannan karon daga can Washington aka kashe ta. Ba mu zo yanke hukunci a kan ko ɗaya ba, kowa na da ra'ayinsa. Abin da muka gani a gida shi muke faɗa: tsoho ya ciro wata tsohuwar waya ta ƙarfe, ya ɗaura a eriya, ya rataya bisa darni, yana murɗa gajeren zango a hankali kamar mai neman allura cikin rairayi. Pil ya ƙare masa kwana huɗu, babu jikan da ya lura. A cikin kwana huɗun nan ba wanda forfensa ya yanke a gidan.

Masu cewa tsofaffi ba su san kan rediyo ba, ku sani tun 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob a Nijar. Mutanen ƙauye su taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a kaset a kai Yamai a watsa wa ƙasa. Shirin jin ra'ayin masu saurare da muke taƙama da shi yau, sun yi shi ba tare da waya ba, lokacin iyayenmu suna goye ko ba a ma haife su ba. Wanda ya kai shekara tamanin a garin nan ya saurari juyin mulki biyar da kunnensa: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ya ji taron ƙasa na 1991. Ya kwana da kuɗinsa a Janairun 1994 ya tashi an raba darajar sefa biyu. In irin wannan mutum ya ce maka "mun taɓa jin haka", ka yi shiru ka ji sauran.

Kada mata su ce mun manta da su, don a gaskiya abin ya fi muni a wajensu. Tsoho namiji ko ba komai yana da zaure da ƙofar masallaci. Tsohuwa fa? An mayar da ita ɗakin ƙurya kusa da turken awaki, aikinta riƙon jariri in uwar za ta tafi biki. Kakarmu ta wajen uwa ba ta karanta boko ba ta karanta ajami, amma ku zo ku ga lissafi. Tana cikin matan farko da suka shiga asusun Mata Masu Dubara a ƙauyensu. Wannan tsari a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: mata su zuba kuɗi kowane mako cikin akwati, su ranta wa junansu, ƙarshen zagaye a raba. Babu banki, lissafi a ka, kowace ta san abin da ta kusa da ita ta zuba. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, ana rubuta littattafai a kai, ana shirya taro a manyan birane. Matan da suka fara shi suna nan cikin gidajenmu, haƙora sun zube, jikoki na ɗaukar su bidiyo suna dariya don sun kasa faɗin "refondasiyon".

Ita ce ke da goran iri. Wake iri uku, riɗi, kuɓewa, yakuwa, kowane da toka a bakinsa don kada ƙwaro ya shiga. Ita ta san wace jar akuya ce ke haihuwar tagwaye, wace ce za a sayar in an kori yaro kan kuɗin lakwal. Ita ta san yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, abin da ya riƙe gidaje da yawa a 2005. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana, amma in ya jarrabe mu, a gidanku wa ya iya?

Sai zancen itace, wanda ya kamata kowane ɗan Agiye ya ɗaga kai da shi. Ku bi hanya zuwa Ɗan Saga ku ga gawo, kalgo, sabara da aduwa tsaye cikin gonaki. A farkon shekarun 1980 wuraren nan fili ne fetal, iska na binne shuka sai an sake sau biyu sau uku. Manoma suka koma barin tsiron kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Baturen Ostiraliya da ya yi aikin tare da su a Maraɗi, Tony Rinaudo, an ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Wa ya riƙe adda ya yi wannan aiki? Wa ya kafa kwamitin tsaro a ƙauye don kada a sare da dare? Su ne dai tsofaffin nan masu doguwar gaisuwa. Baƙi na zuwa da manyan motoci daga ƙasashen waje su zauna bisa tabarma su saurare su awa biyu, da tafinta, suna rubutawa. Mu jikokinsu minti uku ya yi mana yawa.

Mun san amsar da za a ba mu, don an riga an fara a inbox. Ta farko: ai wasan jika da kaka ne, al'ada ce. Ƙwarai al'ada ce, kuma muna son ta. Kaka ta ce maka mijin banza wanda bai iya cefane ba, ka ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe kin ƙi mutuwa ki bar mana gado. Wasan Bagobiri da Bazabarme ma haka yake, har UNESCO ta sa wasan dangantaka na Nijar cikin gadon duniya a 2014. Amma wasan nan yana da sharaɗi: ana yin sa ido da ido, kuma kowa na da bakin ramawa. Kakarmu in ka taɓa ta sai ta mayar maka da uku, ka fita kana sosa ƙeya. In ka ɗauke ta bidiyo ba ta sani ba, zane ya zame, tana laluben kalma, ka ɗora a TikTok mutanen da ba su san sunanta ba suna ƙyaƙyata, ina bakin ramawarta? Ka hana ta rabonta na wasan, ka sayar da mutuncinta a kan laik. Wannan cin amana ne, a kira shi da sunansa.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. An ce tsofaffin nan da kuke yabo su ne ke hana jariri dakashi, su ɗura masa bauri da ruwa tun ranar farko. Su ne ke cewa a cire yarinya daga aji a yi mata aure. Wasunsu sun ɓoye jikoki ranar allurar rigakafi. Gaskiya ne. Mun gani, mun yi shiri a kai, mun sha zagi a kai. Furfura ba wahayi ba ce, tsoho na kuskure, wani kuskuren ma yana kai yaro gadon masu tamowa. To amma ku tambayi duk ungozoma ko ma'aikaciyar gidan likita da ke aiki a ƙauye: in an gama yi wa ƴar shekara goma sha bakwai bayani a kan nono zalla har wata shida, ta koma gida, maganar wa ake bi? Ta uwar miji. Ka tsallake tsohuwa ka yi wa yarinya lacca, ka zuba ruwa a rariya. Mun ga tsohuwar da ta fi kowa tsananin bauri, aka zauna da ita da girmamawa, aka bar ta ta yi tambayoyinta har ta ƙoshi, yau ita ke bin gida-gida tana hana shi. Da an yanke mata layi tun a gaisuwa, da har yanzu tana ɗurawa. Wanda ba ka saurara ba, ba ka da hanyar canza masa ra'ayi.

Wani abin dariya kuma, wanda ya shafe mu ma'aikatan rediyo kai tsaye. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun yi murna, mun sa tuta a furofil. To wace Hausar? Tamu ta fada, mai "donk" da "paske" da "wala" a kowace jimla? Mun taɓa tambayar matasa a fada mene ne bununi, mene ne maimai, wace tauraruwa ce kaza da ƴaƴanta. Aka yi ta kallon juna, shayi na tafasa. Mu kanmu in fassarar sanarwa ta cije mana, ba ƙamus muke buɗewa ba, gida muke kira. Harshen da aka ɗaga a takarda yana cikin bakin mutanen da muke cewa su yi sauri su gama.

Ga wani abu da ya fi ba mu haushin kanmu. Shekara biyu da suka wuce muka lura tsohonmu ya rage karatu. Ya buɗe littafi, ya nisanta shi, ya kusanto shi, ya rufe. Kayen ma ya daina rubutu a ciki. A gida aka fara raɗa cewa tsufa ya kama shi, ya fara rikicewa. Wata takwas ana haka. Ashe ido ne. Aka kai shi asibitin ido a Maraɗi, aka auna, aka ba shi tabarau, kuɗinsu bai kai abin da muke ƙonawa a forfe cikin wata guda ba. Ranar da ya sa su ya buɗe kayen, abin da ya fara yi shi ne cike ranakun da suka wuce shi, daga ka, har da ranar sunan jikoki biyu. Bai yi mana faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Na ɗauka kun gani." Tsofaffi nawa ne yanzu haka a Cadawa, Gangara ko Tsibiri aka yanke wa hukuncin rikicewa alhali tabarau ko aikin yanar ido kawai suke bukata?

Ku da ke ci-rani, mun san kuna turo kuɗi, Allah ya saka. Amma in kun kira gida, ku daina cewa "a gaida tsoho" a ƙarshen magana kiredi na ƙarewa. Ku ce a kai masa wayar tun farko. Ku da ke gida, ku duba rediyonsa yau, in pil ya mutu ku sayo, ko ku samo masa mai aiki da rana. Wayar nan da kuka iya ɗaukar abin dariya da ita tana ɗaukar murya ma: ku zauna ku tambayi kaka yadda aka kafa unguwarku, wace rijiya aka fara ginawa, ina iyakar gonar gado ta tsaya. Wannan ta ƙarshen, duk wanda ya taɓa zuwa gaban sarki ko alƙali kan rikicin gona bayan mutuwar tsoho ya san abin da muke nufi.

Mu kuma ga abin da muka yanke, mun kai wa shugabanninmu sun amince. Daga wannan Juma'a, rabin awa na farko na shirin na masu furfura ne, maza da mata. Ba su za su kira ba, mu za mu kira su, don kada kiredi ya sake tsinke wa kowa magana. Jikoki ku turo lamba ta inbox, da sunan ƙauye da lokacin da rezo ya fi kamawa, amma ku nemi izininsu tukuna. Wanda gaisuwa ta dame shi, rabin awa ne, ya je ya sha shayi ya dawo.

Dattijon da layinsa ya tsinke mun neme shi washegari. Ashe wayar ta maƙwabci ce, sai da aka aika yaro gona ya kira shi. Ya zo yana haki, ya yi sallama, ya tambayi lafiyarmu, gajiya, iyali, mutanen gidan rediyo ɗaya bayan ɗaya. Muka amsa duka. Muka ce Baba me kake son faɗa rannan? Ya ce a kan masu sayar da wake ne tun yana gona, su karɓi kuɗin ɗan kasuwa da bazara, kaka ta yi a kwashe har da na iri, damina ta zo su sayi irin da ninki. Ya ce yana da lissafin shekara bakwai a rubuce, in muna so ya karanto. Mun ce ya ajiye sai Juma'a, shi zai buɗe shirin.